Ruwan da Ya Tafasa Bai Ƙona Ni Ba

Jiya na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai yin alawa ba sana'a ba ce: sukari ne da ruwa, a ɗora a wuta, in ya tafasa a sauke. Na yi shiru don da baƙi a gidan. Yau babu baƙi, sai ku gyara zama. Ni Kande da kuke gani ina dafa bango kafin in kai zaure, na ƙarar da shekarun ƙarfina a ɗakin dahuwa na wani kamfanin alawa a Bompai, kuma ni kaɗai ce mace a ɗakin. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta sai an nuna mini. Amma a ɗora sukari a bayan katangar can, ina nan zaune zan faɗa muku inda ya kai. Kalmar nan da kuke jefawa kamar ba komai, wai "ya tafasa", ita ce ta kusa rufe mana kamfani.

Tukunyar farko da na tsaya a kanta ta Inna ce, mahaifiyata, mai alawa a cikin gari. Ba ta bar ni na taɓa muciya ba sai da na iya saurare. Takan zaunar da ni in juya wa murhu baya, ta ce, "Faɗa mini abin da tukunya take cewa." Da fari sukari da ruwa suna ɓararraka kamar kowane ruwa, kumfa manya-manya suna gudu suna fashewa. Can sai muryar ta yi ƙasa, kumfar ta ƙanƙance, ta riƙa tasowa a hankali kamar tsohuwa mai ciwon baya: ɓul, a jira, ɓul. A nan Inna take ɗiga shi cikin ƙwaryar ruwan sanyi. In ya narke ya bi ruwa, ko kusa bai yi ba. In ya dunƙule yana lanƙwasa a yatsa, da saura. In kin ɗauko kin karya ya ce ƙas, to sauke, ko sallama ake yi a ƙofa kada ki tsaya amsawa.

Abin da ta dasa mini a kai shi ne, ruwa zalla in ya tafasa ya gama hawa. Ko itacen daji guda za ki tura masa ba zai ƙara zafi ba, sai dai ya ƙare da wuri. Ruwan sukari kuwa yana tafasa yana hawa. Duk ruwan da ya gudu ya bar shi, zafinsa ƙaruwa yake yi. Ga shaida a jikina. Ruwan zafi ya taɓa zubo mini a ƙafa ina yarinya, ku duba yau ba za ku ga wurin ba. Wannan tabon na wuyan hannu kuwa ɗigo ɗaya ne na sukarin da ya kusa kaiwa, da fata ya tashi. Shi kuma man gyaɗa kada in ji kun ce yana tafasa. Kafin ya kai nan ya yi hayaƙi ya kama da wuta. Ƙarar da kuke ji in an jefa ƙosai, ruwan da ke cikin ƙullun ne yake neman hanyar fita.

Da maigidana ya rasu na koma Hotoro wurin yayana, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a can. Zamanin ne kamfanoni suke ta tsirowa, Bompai ta cika, ana ta gine-gine a Sharada da Challawa. Aka ce ana neman mata masu naɗe alawa, na bi sahu. Kafin jiniya ta yi kuka muna bakin ƙofa. Dogayen tebura ne, mata jere, kowace da tulin alawa a gabanta da takardu. Ki ɗauka, ki naɗe, ki murɗe kunne biyu, ki jefa a kwando. Kusa da ni aka zaunar da Laraba, gajeriyar mace daga ƙasar Ringim, mai 'ya'ya rututu da baki kamar reza. Hannunta ya fi na kowa sauri, bakinta ya fi hannun.

Tsakaninmu da ɗakin dahuwa bangon kwano ne kawai, ina jin komai. Abin da ya hana ni sakewa shi ne, kullum sai in ji sun rufe wa sukarin wuta alhali a kunnena bai kai ba. Can kuma sai wani inji ya fara tuf-tuf-tuf, sai in ji tukunya ta ɓarke da wata mahaukaciyar tafasa, ba tare da an ƙara mata zafi ba. Alawa kuma ta fito garau kamar gilashi, ka karya ta ce ƙas. Wata rana na kasa riƙe bakina, na ce, "Sun sake saukewa da saura." Laraba ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen tebur za ta ji: "Jama'a, Kande ta ce mazan ciki ba su iya girki ba!"

Sai ga shugaban ɗakin dahuwa ya leƙo. Malam Yusufu ke nan, mutumin Damagaram, dogo siriri, rigar aikinsa kullum fes kamar ba da sukari yake aiki ba. Kun san akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa, kuma shi harshensu na can bai bar shi ba, ba ya cewa tafasa sai tahasa, ba ya cewa zafi sai zahi.

Ya ce, "Wace ce ke gyara mini tahasa ta bayan bango?"

Laraba ta nuna ni da leɓe.

Na ce, "Malam, ni ban san tahasa ba. Mu a Kano tafasa muke yi."

Ya ce, "Ku Kanawa ai baki gare ku. Kakanninmu ma da suka zo muku da yaƙi, surutunku ne ya mai da su gida. Amma kin yi gaskiya, Bakanuwa, da saura nake saukewa, kuma da gangan. Taso ki ga inda sauran yake tahiya."

Ɗakin nan, yara, ban taɓa ganin wuri mai kyau irinsa ba. Babu itace, babu toka, babu hayaƙi. Wutar tana can wani ɗaki daban, ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ake kira boila, ita take turo tururi ta bututu. Tukunyar dahuwa ta tagulla ce mai bango biyu, tururin yana zagayawa a tsakani, sukari ya dahu ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. A jikinta akwai geji mai allura na auna zafi, Malam ya ja masa layi da jan fenti. In allura ta hau jan layi sai a rufe tururi. Daga nan a sako sukarin cikin tukunya ta biyu, wadda ta yi kama da ƙwarya biyu an kifa ɗaya a kan ɗaya, da 'yar tagar gilashi a gefe. Ita ce take haɗe da famfon nan mai tuf-tuf. Aikinsa ɗaya ne, ya zuƙe iskar da ke cikin tukunyar.

Ranar bai gwada mini da sukari ba. Ya sa aka wanke tukunya ta biyu, ya zuba mata ruwa mai ɗan ɗumi, ya rufe, ya ɗaure, ya tayar da famfo. Ya ce in sa ido a taga. Ina kallo ruwan ya fara motsi, ya fara kumfa, kafin in ce wani abu ya ɓarke da tafasa yana dukan gilashi. Babu wuta, babu tururi. Ya kashe famfo, ya murɗa wani ɗan ƙarfe, iska ta koma ciki da tsaki, ruwan ya kwanta nan take. Ya buɗe murfi ya ce, "Sa hannu."

Na ce, "Malam, in gaba ce tsakaninku da Kanawa, kada ku fara da ni. Da idona na ga yana ɓararraka."

Ya naɗe hannun riga, ya kamfato ruwan da tafi biyu, ya wanke fuska kamar mai alwala. Laraba da ta biyo ni tana leƙe daga ƙofa ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Dama an ce mutanen Damagaram ba su zama haka nan!" Ni kuwa na ga in na tsaya za a ce 'yar Inna ta ji tsoron tukunya. Na yi bisimilla na tsoma hannu har wuya. Ɗumi ne kawai, irin na ruwan wankan jariri.

Ya bar ni na gama jujjuya hannuna ina duba, sannan ya ce, "Babu tsahi a nan. Iskar nan da kike shaƙa tana da nauyi, ta danne kowane ruwa kamar hannu a kan murhi. Ruwa ba ya tahasa sai ya samu ƙarhin ture hannun. In na zuƙe iskar na ɗage masa hannu, da zahi kaɗan sai ya tashi. A boila kuma akasin haka ne: an ruhe shi ruf, tururinsa ya danne shi, sai ya wuce zahin da ya saba tashi bai tashi ba. Shi ya sa tururinmu ya hi na tukunyar tuwonki ƙuna." Ya ce ya taɓa aiki a Jos, a kan duwatsu inda iska ba ta kai tamu nauyi ba, ruwa kan yi saurin tafasa a can, wake kuma ya daɗe bai nuna ba, mata su yi ta zagin wake alhali ba laifinsa.

A nan na gane sauran da yake bari. Inna takan kori ruwan ƙarshe daga sukari da tsananin wuta, shi ya sa alawarta take yin ja. Malam kuwa yakan tsaya kafin zafi ya taɓa launin, ya bar famfo ya janye ragowar ruwan. Mutumin nan bai fi ni boko da yawa ba. A wurin tsohon Kwaran nan, Balaraben da ya kafa kamfanin, ya koya, da kallo da tambaya. Amma ban taɓa ganin wanda ya san dalilin abu kamarsa ba. Ni na zo da sanin lokaci, shi yana da sanin dalili, kuma bai taɓa yi mini rowarsa ba. Shi ya je ya sami Maigida, wato mai kamfanin, ɗan tsohon Kwaran nan, haihuwar Kano mai Hausa kamar ɗan Fagge, ya ce a ba shi ni. Maigida ya ce mace a ɗakin dahuwa? Malam ya ce kunne ya zo nema, bai tambayi na wa ba ne.

Teburin sanyi aka fara ba ni. Ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe da ruwa yake bi ta ƙarƙashinsa. A juyo sukari a kai yana sheƙi, ki zuba tsami da ƙamshi da launi, ki riƙa naɗo gefe zuwa tsakiya da wuƙar ƙarfe, don gefe ya fi saurin sanyi. In kin yi jinkiri ya daskare miki a hannu, in kin yi gaggawa ƙamshin ya bi tururi ya tafi. Daga nan na koma kan tukunya, na san kukan kowane bututu. Malam in ya iso da safe ba ya gaisawa da kowa sai ya zaga ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba zazzaɓin 'ya'yansa.

Masu saye iri-iri ne, amma babban cikinsu Alhaji Sule, mai manyan shaguna a kasuwar Sabon Gari, wanda motocinsa suke kai kaya har ƙauyukan Haɗeja da Gumel da ƙetaren iyaka. Shi ba ya ɗanɗana alawa a gabanka ya ce ta yi. Sai ya ɗebi 'yan ƙwayoyi da takardarsu, ya cire hula, ya zuba a ciki, ya mayar a kansa, ya tafi harkokinsa. Ya sha rana, ya yi gumi, ya yi Azahar, ya yi La'asar, sannan ya dawo ya cire hula. In alawa ta kama takarda, ya yi maka sallama ya tafi. Yakan ce wadda ba ta jure kansa ba, ba za ta jure tiren mai talla ba. Shekara da shekaru alawarmu tana fita daga hular nan a bushe.

Sai shekarar wahala ta zo, ta tsuke bakin aljihu. Kayan waje suka daina shigowa, kamfanoni suka fara sallamar mutane, ka bi titin Bompai da hantsi ka ga maza zaune a gindin katanga ba aikin yi. A tsakiyar damina famfonmu ya tsaya. Wani ƙarfe ne ya karye a cikinsa, bakanike ya ce sai an kawo daga Turai, Maigida ya ce takardar izinin shigo da shi ma ba ta samuwa. Malam kuma ba ya nan, ya tafi Damagaram ta'aziyyar mahaifiyarsa.

Muka taru a ɗakin dahuwa muka yi shawara irin ta masu hankali, ba sakaci muka yi ba. Mun san ana saukewa da saura, mun san famfo ne yake cire sauran. Muka ce to, abin da famfo yake yi da sauri, lokaci zai yi a hankali. Allura ta hau jan layi, maimakon mu rufe tururi muka bar shi yana ta tafasa, yana ta tafasa, har ya gaji ya koma ɗan ɓul-ɓul can ba a rasa ba. Wane mai girki ne a ƙasar nan zai ga abu ya daɗe haka a kan zafi ya ce bai dahu ba? Muka juye, ya yi sanyi, ya yi tauri daidai gwargwado, mata suka naɗe, motar Alhaji ta ɗauka, don ya daɗe da yarda da mu har ya daina sa mu a hula.

Ba a jima ba motar ta dawo da kayan. Aka buɗe kwali ɗaya a tsakar kamfani, alawa da takarda da kwali duk sun zama abu guda, ƙudaje suna biye. Alhaji bai yi faɗa ba, wannan ya fi ba mu tsoro. Ya ce da Maigida akwai wani kamfani a Sharada da ya daɗe yana nemansa. Maigida ya tara mu ya ce ba zai ɓoye mana ba: in Alhaji ya juya baya, ƙarshen wata zai sa kwaɗo a ƙofa. Na waiga na ga matan naɗi tsaitsaye. Yawancinsu zawarawa ne da masu marayu, kuma a shekarar babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a buɗe maka. Ko Laraba ba ta sami abin faɗa ba. A ranar na san bakinta yana rufuwa.

Malam ya dawo ya tarar da mu haka. Ya ɓalli alawar ya murza a yatsa, ya saurari yadda muka yi, bai zagi kowa ba. Ya ce, "Jan layin bai yi muku ƙarya ba, zahi ya gaya muku, ba bushewa ba. Sukari in bai hau ba, ruwa ba ya hita. Tururinmu kuma iyakar ƙarhinsa ke nan. Ko wuni za ku yi kuna tahasa shi, nan zai tsaya." Wani ya ce a ƙara wa boila wuta mana, tururi ya ƙara zafi. Mai kula da boilar, dattijo ne mara yawan magana, ya ce tukunyar ta tsufa, duk mai son a ƙara mata matsi ya fara zuwa ya kwashe iyalansa daga unguwar. Aka bar zancen.

Malam ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Bakanuwa, tunda ba za mu iya ɗage masa hannu ba, sai mu ba shi ƙarhin turewa. Wuta tsirara ce kawai za ta kai shi. Ni kuwa tunda nake ban taɓa dahuwa a kan murhu ba. Ke ce 'yar mai alawa." Ku ji fa, shugaba guda, a gaban yaransa maza, ya ce ga abin da bai iya ba. Na sha ganin manya, irinsa kaɗan ne. Ya je ya roƙi Alhaji ya ba mu dama ɗaya, ya sake sa mu a hula. Alhaji ya ce saboda tsohuwar hulɗa zai zo.

A rumfar kwano ta bayan kamfani muka gina murahu da jan bulo. Aka zaƙulo tsofaffin tukwanen tagulla na zamanin tsohon Kwara daga sito, muka dirje su da toka da lemun tsami har suka yi ja. Itace duk ya jiƙe da ruwan sama, sai gawayin maƙera muka sa aka kawo. Na ce kaɗan-kaɗan za a riƙa dafawa, wuta mai ƙarfi, don sukari in ya daɗe a hanya ya fi yin duhu. Ba a juyawa in ya fara tafasa. A riƙa goge gefen tukunya da jiƙaƙƙen tsumma kada ƙwaya ɗaya ta bushe ta ja sauran su koma gari. Malam ya ciro geji ya riƙe mini a ciki don mu ga inda za a kai. Allura ta hau jan layi, ta wuce, ta ci gaba da tafiya inda ba ta taɓa zuwa ba. Mazan suka fara ja da baya. Ni ban kalli allura ba, na juya wa murhu baya kamar yadda Inna ta koya mini. Muryar ta yi ƙasa, ta ƙara ƙasa, ƙamshin ya fara juyawa. Tsakanin ya kai da ya ƙone numfashi kaɗan ne. Na ɗiga a ƙwarya, na ɗauko, na karya a kusa da kunnen Malam.

Ya ce, "Sauke!" Ya sa farce ya karce gilashin gejin daidai inda allura take.

Masu hura wutar kuwa matan naɗi ne. Ba wanda ya sa su. Suka ɗaure zani, suka karɓe mafitai daga hannun maza, Laraba tana cewa, "Ku matsa, 'yan tururi, wannan wutar ta san iyayen gidanta." Kowace a cikinsu da murhu ta tashi; in na ce a rage, kafin in rufe baki an janye garwashi, in na ce a ƙara, an tura. Ban taɓa yin aiki da hannuwa masu jin magana irin na ranar ba.

Alawar ta yi tauri, amma ba garau ta fito ba. Launin zuma ta yi. Maigida ya ɗaga ɗaya a rana, ya ɓata fuska ya ce mutane sun saba da fara, za su ce ta ƙone. Ba mu da wata, ita muka naɗe.

Alhaji ya zo da hantsi. Ya ɗebi nasa, ya zuba a hula, ya mayar, ya shiga mota. Ranar an yi ruwa da safe, rana kuma ta buɗe a kansa, irin zafin nan mai ɗanko da riga take manne wa mutum a baya. Ba wanda ya iya cin abincin kirki. Laraba ta ce ita dai addu'arta Allah ya sa Alhaji ya yi aski.

Bayan La'asar ya dawo. Ya zauna, ya nemi ruwa ya sha, ya gaisa da Maigida, ya tambayi iyali, ya yi wa Malam ta'aziyya, ya tambayi hanya, ya tambayi damina a Damagaram, mu duk muna tsaye idonmu a kan hula. Gumi yana bin gefen kunnensa. Sai da ya ga dama sannan ya sa hannu biyu ya cire ta, ya kifa a kan teburin ƙarfe. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, suka zubo, ɗaya ta gangara ta faɗi ƙasa. Ya ɗauki guda ya warware, takarda ta rabu da ita tas. Ya sa a haƙori. Har ƙofa aka ji ƙas.

Ya tsotsa, ya ce, "Wannan ai ta fi waccan ɗanɗano. Wa ya dafa?"

Maigida ya yi sauri ya ce, "Launin ne dai, Alhaji, in famfo ya zo..."

Alhaji ya ce, "Bar mini launin. Irin ta gidanmu ce da muna yara. A loda mini."

Malam ya juyo gare ni, ya gyara tsayuwa, ya tattara leɓɓansa kamar mai shirin hura wuta, ya ce, "Bakanuwa, yau kam ta ta-fa-sa." Da ƙyar ya fito da ita, amma ta fito. Laraba ta rangaɗa guɗa, ta ce a shaida, Damagaram ta miƙa wuya.

Ba a sa kwaɗo ba, ba a sallami ko mace ɗaya ba. Da ƙarfen famfo ya iso daga baya muka koma yin fara, amma murahun bayan kamfani ba a rushe su ba, don yara a kasuwa sun riga sun sa mata suna 'yar murhu, ita suke tambaya. Gejin nan har na bar aiki layi biyu ne a jikinsa, jan fentin Malam da karcen farcensa, kuma duk sabon da aka kawo ɗakin sai ya faɗi dalilin kowanne kafin a bar shi ya taɓa tukunya.

To, ga murhu can, akwai sukari a ɗakina, ƙwarya tana rataye. Wanda ya ce a ɗora ne kawai a sauke, bisimilla. In ya gama ya zuba a hularsa ya tafi yawonsa. Ina nan zaune, mu haɗu bayan La'asar.